Daga Natal Zuwa Salvador Tare Da Magoya Bayan Amurka

A gasar cin kofin duniya ta 2014, in ka cire 'yan Brazil masu masaukin baƙi, babu waɗanda suka sayi tikitin shiga fili kamar mazauna Amurka. Kusan tikiti 200,000 suka kwasa. Wanda ya zauna a can ya san ba duka ne na masu son Amurka ba, don akwai 'yan Meziko na Los Angeles, da 'yan Kolambiya na Miami, da irinmu 'yan Najeriya na Houston da zuciyarmu ke wajen Super Eagles. Amma ko an tsame waɗannan, dubbai ne suka rage waɗanda tutar Amurka suka ɗauko. A cikin ayarinsu na yi tafiyar, ni da aka haifa a Kano, na buɗe ido da kallon Pillars a Ƙofar Mata.

Ba haka na tsara ba. Tikitin wasannin Najeriya na nema, a Curitiba da Cuiabá da Porto Alegre, ƙuri'a ba ta faɗo kaina ba. Ana nan sai abokin aikina, wani Bature ɗan Texas da teburinsa ke jikin nawa, ya ce surukinsa ya fasa tafiya saboda matarsa ta kusa haihuwa: ga kujera a jirgi, ga gado a otal, ga tikitin wasannin Amurka. Na ce da babu gara ba daɗi.

Ƙungiyar da ta shirya tafiyar sunanta American Outlaws. Wasu samari ne suka kafa ta a 2007 a Lincoln, jihar Nebraska, gari a tsakiyar gonakin masara inda in ka ce ƙwallo, wadda ake rungumewa a hannu ana turereniya za a ɗauka kana nufi. Kafin su an yi Sam's Army, wadda ta taso bayan Amurka ta karɓi gasar 1994, ta yi zamaninta ta lafa. Tsarin Outlaws ba shi da wuya. Kowane birni na da reshe, kowane reshe na da mashaya guda da aka san duk ranar da Amurka ke wasa za a kunna talabijin a kai, ko ƙarfe nawa ne. Ka biya kuɗin shekara a ba ka riga da ƙyalle mai launin tuta, na ɗaurawa a wuya ko rufe baki. Jajiberin wasa a yi walima, ranar wasa a taru wuri guda a taka zuwa fili ana waƙa. Haka suke yi a Columbus da Kansas City, haka suka kwaso suka kai Brazil ba su rage komai ba.

Mai son ƙwallon ƙafa a Amurka, a wancan lokacin, saniyar ware ce. A ofis ana masa dariya cewa yana ɓata minti 90 yana kallon wasan da za a iya tashi babu ci. Saboda haka tun a jirgi na ga wani irin sakin jiki a tare da su, na mutanen da suka daɗe suna magana ba mai sauraro, yau ga su cikin 'yan'uwa. Kusa da ni wata malamar firamare ce daga Nebraska, a bayanmu wani dattijo da ya yi ritaya yana horar da 'yan mata ƙanana ƙwallo, can gaba ango da amarya da suka ce kuɗin biki suka rage suka zuba a tafiyar. Da yawansu wannan ne fasfonsu na farko a rayuwa. A 2014 Brazil kan caji Ba'amurke dala 160 kuɗin biza, ramuwar gayya kan abin da Amurka ke cajin 'yan Brazil, amma ta yafe wa duk mai tikitin gasar. Duk da haka sai ga su suna ta mita wai takardun cikewa sun yi yawa, wai har hoto aka ce su kawo. Na saurare su ban ce uffan ba. Mai koren fasfo ya san abin da ake kira neman biza.

Natal na can a kusurwar arewa maso gabashin Brazil, inda ƙasar ta fi kusantar Afirka. Wannan kusancin ne ya sa a yaƙin duniya na biyu Amurkawa suka kafa babban sansanin jiragen sama a Parnamirim, bayan gari. Daga nan jiragen ke tsallaka teku zuwa Accra, su ya da zango a Kano da Maiduguri, su wuce Khartoum da Alƙahira. A Janairun 1943 shugaba Franklin Roosevelt ya gana da Getúlio Vargas na Brazil a garin. Da na gaya wa dattijon nan cewa garinmu na kan wannan hanya, sai da ya ciro taswira a wayarsa ya sa na nuna masa Kano da yatsa.

Ruwa muka tarar. Kwanaki ana zuba shi babu ƙaƙƙautawa, har ƙasa ta zaftare a unguwar Mãe Luiza ta tafi da gidajen talakawa. Direban tasi ne ya nuna mana wurin daga nesa, yana bayani da hannu don ba mai jin yaren wani. Mu kuwa otal ɗinmu na bakin teku, ga tudun yashin Ponta Negra, ga masu sayar da ruwan kwakwa.

Walimar jajibere ba wurin zuwan mai alwala ba ce, in za a faɗi gaskiya. Giya ce kamar ruwa. Amma da suka lura ba na sha, ba wanda ya tsaya yi mini tambayoyi; malamar nan ce ta riƙa turo mini gwangwanin guaraná, lemon 'yan Brazil, har na ce ya isa. Shigar da suka yi kuwa sai wanda ya gani. Wani ya zama gaggafa da baki da fukafukai, wata ta zama mutum-mutumin 'yanci na New York da kambunta da tocila, wasu sun sa kayan 'yan sama jannati cikin wannan zafi. Akwai wani da ya yi shigar tsohon shugabansu Theodore Roosevelt, da malafa da tabarau da gashin baki, wanda daga baya kyamara ta kama shi a Manaus ya zama sananne a duk Amurka. Waƙarsu da ta fi tashe jimla ɗaya ce tak. Jagora ya faɗi kalmar farko taro ya amsa, ya ƙara ta biyu a amsa, a haka har ta cika, ma'anarta sun yi imani za su yi nasara. Da ta cika sai kowa ya kama tsalle yana maimaita ta har numfashi ya ƙare. Daga wata makarantar sojan ruwa ta samo asali. Abin dariyar shi ne kocinsu da kansa, Bajamushe Jürgen Klinsmann, ya riga ya faɗa wa 'yan jarida cewa maganar ɗaukar kofin ba ta taso ba, ba su kai nan ba tukuna. Shi ne kuma ya ajiye Landon Donovan a gida, ɗan wasan da ya fi kowa ci wa ƙasar ƙwallo a lokacin. Wannan gardama ta Donovan ba ta mutu ba a duk motar da muka shiga, daga Natal har Salvador.

Ranar 16 ga Yuni, Najeriya da Iran ƙarfe huɗu, Amurka da Ghana ƙarfe bakwai. Ayari ya taru a wani gidan abinci kusa da filin Arena das Dunas, ni kuwa na zame na samu kujera gaban talabijin. Wasan ya mutu murus, babu ci, babu ko abin da za ka tashi tsaye a kansa. Can sai na ji murya a bayana: "Kai, yaran nan na Keshi ba su ci abinci ba ne?"

Na waiga. Dattijo ne da hula da rigar Black Stars a kan jallabiya.

"Salamu alaikum, Alhaji."

Ya amsa, ya dubi ƙyallen da ke wuyana, ya sake dubana. "Ɗana, Hausa a bakinka, tutar Amurka a wuyanka? Kai da wa kake yau?"

"Alhaji, da waɗanda suka kawo ni nake."

Ya yi dariya har da buga tebur. Mutumin Zangon Kumasi ne, ya shekara da shekaru yana tuƙa tasi a Bronx. Ya ɗaga yatsu biyu. "Sau biyu muna sallamar su. Nuremberg 2006, Rustenburg 2010. Yau cikon na uku." Sai ya rage murya. "Amma 'ya'yana duk suna can tare da ku. A Bronx aka haife su. Babban ya ce mini, Baba, yau ka yi haƙuri." Muka karɓi lambar juna.

Ban gama zama ba aka ci. Clint Dempsey ya karɓi ƙwallo daga hagu, ya yanke John Boye, ya buga ta daki ƙarfe ta shiga, cikin kusan daƙiƙa 30. Giya ta tashi sama ta sauko mana a ka. Daga nan kuwa sai wahala. Jozy Altidore ya dafe cinya aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, ƙafar Boye ta fasa wa Dempsey hanci, Ghana ta tare a gidan Amurka tana ta luguden hari. Ɓangaren 'yan Ghana ganguna ba su tsaya ba ko na minti ɗaya, kuma kiɗan nasu na shiga jiki yadda ihun U-S-A ba zai taɓa shiga ba. A minti na 82 Asamoah Gyan ya ba da ita da dunduniya, André Ayew ya farke. Na ji daɗi a raina, na haɗiye. Minti huɗu bayan nan aka samu kwana, Graham Zusi ya ɗago ta, wani dogon yaro da ya shigo bayan hutun rabin lokaci, John Brooks, haifaffen Berlin, ya sa mata kai. Ya ruga ya kwanta rub da ciki kamar bai yarda ba. Daga baya ya ce ya yi mafarkin wannan ƙwallo kwana biyu kafin wasan. Abokina ɗan Texas, mutumin da ban taɓa ganin ya ɗaga murya a ofis ba, ya rungume ni yana kuka da majina. Mataimakin shugaban ƙasarsu, Joe Biden, na cikin filin a daren.

Alhaji ya kira ni muna cikin mota. "Ɗana, mu muka buga ƙwallo, su suka ci. Ka gaida mutanenka."

Kashegari da daddare, lokacin da Brazil ke karawa da Meziko, bam ya tashi a wani gidan kallon ƙwallo a Damaturu ya kashe mutane, yawancinsu matasa. A waya na gani, muna zaune bakin teku. Na faɗa wa abokina. Ya yi shiru, can ya tambaye ni me ya sa mutane za su je irin wannan wuri alhali sun san da haɗari. Na ce masa babu wuta a gida, babu kuma kuɗin dish, ga Brazil na wasa.

Manaus na tsakiyar dajin Amazon, kusan kilomita 2,800 daga Natal, birni mai mutum wajen miliyan biyu wanda galibi sai ta jirgin sama ko na ruwa ake shigarsa. Tawagar Amurka ta kafa sansaninta a São Paulo, don haka a wasannin rukuni kaɗai sai da ta yi tafiyar sama da kilomita 14,000, fiye da kowace ƙasa a gasar. Magoya baya ma haka suka bi su. Da ka fito daga jirgi iska za ta rufe ka, mai nauyi, mai ɗumi, gumi ya fito ya ƙi bushewa. Mun leƙa Teatro Amazonas, katafaren gidan wasan da attajiran roba suka buɗe a 1896 da kayan da aka yi jigilar su daga Turai, sannan muka shiga kwalekwale zuwa inda baƙin ruwan Rio Negro ke haɗuwa da ruwan ƙasa-ƙasa na Solimões, su yi tafiyar kilomitoci kafaɗa da kafaɗa ba su gauraya ba. Na sa hannu ta kowane ɓangare. Baƙin ya fi ɗumi. Muka ci gasasshen kifin tambaqui, mai haƙarƙari manya, muka nufi fili.

Fotugal ta zo da raunin ci huɗu da Jamus ta yi mata. Minti biyar da farawa Geoff Cameron ya yi kuskuren fitar da ƙwallo, Nani ya ci. Zafi ya kai alƙalin wasa ya tsayar da wasa kafin hutu aka sha ruwa. Bayan an dawo Jermaine Jones ya lanƙwasa wata daga wajen da'ira, gola ko motsi bai yi ba, sannan a minti na 81 Dempsey ya tura ta biyu da ciki. Da an tashi a haka Amurka ta haye. A cikin minti na biyar na ƙarin lokaci Michael Bradley ya bari aka ƙwace ƙwallo a tsakiya, Cristiano Ronaldo, wanda bai yi abin kirki ba duk daren, ya ɗago ta daga dama, Silvestre Varela ya sa kai. Biyu da biyu.

A nan na fara gane mutanen da nake tare da su. Filin ya yi tsit na ɗan lokaci. Wani saurayi a gabana ya fara zagin Bradley, sai na kusa da shi ya dafa shi ya ce ya bari, mutumin ya fi kowa gudu a filin. Kafin mu kai bakin ƙofa sun koma lissafi: maki huɗu a wasa biyu, a rukunin da kowa ya ce ba za su fita ba, wa zai ƙi? Suka ɗauki waƙarsu. Da Eagles ce aka yi wa haka a daƙiƙar ƙarshe, da an kwana ana tsine wa koci da hukumar ƙwallo da wanda ya sayar da wasan. Su kuwa har wani daɗi suke ji. Ƙasarsu ta saba zama babba a komai, a makami, a kuɗi, a lambobin Olamfik, duk inda Ba'amurke ya shiga ana masa kallon mai ƙarfi. A ƙwallo kaɗai yake zama ƙaramin da ake tausaya wa, 'yan Brazil na tafa masa a titi suna neman hoto da shi. Wannan ƙanƙantar ita suka biyo har Amazon. Abin da suke yabo a wajen 'yan wasansu ma ba gwaninta ba ce, juriya ce: wane ya yi gudu, wane ya buga da karyayyen hanci. Ban ji wanda ya yi maganar yanka ko salo ba.

Akwai kuma abin da ba sa faɗa. Haƙuri na da sauƙi ga wanda in ya koma gida wuta na nan, aiki na nan, ga wasu wasanni huɗu da ƙasarsa ke mulki a cikinsu. Kuɗin da kowannenmu ya kashe a tafiyar nan ya isa mutum ya sauke farali. Ba kowane Ba'amurke ke da shi ba, kuma ayarin ya nuna haka: yawanci fararen fata ne masu digiri, alhali yaran da ke buga ƙwallo a filayen unguwannin Houston ranar Lahadi 'ya'yan baƙi ne daga Meziko da Honduras da Afirka.

Kafin wasan ƙarshe na rukuni sansanin Ghana ya rikice. 'Yan wasa suka ce ba za su buga ba sai an biya su alawus, gwamnati ta sa tsabar kuɗi dala miliyan 3 a jirgi aka kai musu Brazil, duniya na kallo. Ranar wasan kuma aka kori Sulley Muntari da Kevin-Prince Boateng daga tawaga. Na kira Alhaji, ya ce, "Ɗana, bar maganar nan. Kunya ta ishe ni."

Daga Natal, inda muka koma, zuwa Recife kusan kilomita 300 ne, da asuba muka kama hanya a bas ranar 26 ga Yuni. Recife ta cika da ruwa. Tituna sun zama rafuka, motoci sun tsaya cak, filin Arena Pernambuco kuma na can bayan gari a São Lourenço da Mata. Da direba ya ce ba zai iya gaba ba, mutane suka sauka suka naɗe wando. Na ga dattijon nan mai horar da yara, takalmi a hannu, ruwa har gwiwa, tuta a ɗaure a wuya, yana tambayar wani ɗan sanda hanyar jirgin ƙasa. Gaggafar nan ma na gan shi, fukafukansa sun jiƙe sun manne.

An yi ta raɗe-raɗin cewa za a haɗa baki, tunda kunnen doki zai fitar da Jamus da Amurka duka, kuma kocin Jamus, Joachim Löw, mataimakin Klinsmann ne a 2006. Masu dogon tunani suka tuno Gijón a 1982, inda Jamus ta Yamma da Ostiriya suka yi wasan da ya kori Aljeriya. Ba a yi haka ba. Thomas Müller ya ci a minti na 55, kuma daga nan rabin ɓangarenmu ya daina kallon fili ya koma kallon waya, saboda a Brasília Gyan ya farke wa Ghana a wasanta da Fotugal. Ƙwallonsa ta shida ke nan a gasar kofin duniya, ya wuce Roger Milla ya zama ɗan Afirkan da ya fi kowa. Da Ghana ta ƙara ɗaya, Amurka ta tattara kayanta. Ni ina tsakiyarsu ina addu'ar da ba zan iya faɗa da ƙarfi ba. A minti na 80 Ronaldo ya ci Ghana. Mutanen da suka kwana huɗu suna jin haushinsa suka kama kiran sunansa. Aka tashi an ci su ɗaya da nema, suna rawa cikin ruwan sama.

Azumi ya kama kafin mu isa Salvador. Na san matafiyi na da rangwame, amma na ɗauka, don garin ya sa ni jin nauyin ajiyewa. Salvador ce hedikwatar Brazil ta farko, kuma tashar da aka sauke bayi masu ɗimbin yawa daga gaɓar Afirka ta Yamma. A cikinsu akwai Hausawa, da yawa waɗanda yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 suka jefa hannun fatake aka gangara da su teku. A 1807 hukumomin Bahia suka bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa, aka sake yin wasu a shekarun da suka biyo. Babban shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, cikin watan Ramadan, lokacin da Musulmi bayi da 'yantattu, yawanci Yarbawa tare da Hausawa, suka fito titunan birnin cikin fararen riguna, da layu a wuya masu ayoyi da rubutun Larabci. An murƙushe su kafin gari ya waye sosai. Aka kashe wasu, aka yi wa wasu bulala, aka mayar da wasu Afirka. Takardun da aka ƙwace a jikinsu na nan a ajiye a ma'adanar tarihi ta jihar.

Na bar ayari a dandalin Pelourinho, inda a da ake ɗaure bayi a yi musu bulala a bainar jama'a, yanzu kuma gidaje masu launi-launi da makaɗa da masu sayar da tsaraba. Amurkawa sun cika shi suna tsalle suna waƙar imaninsu. Ban ga laifinsu ba, ƙwallo suka zo kallo. Na gangara ni kaɗai ta tsofaffin lunguna, na nemi ƙaramar cibiyar Musulunci da ke unguwar Nazaré na yi azahar. A bakin hanya mata cikin fararen bujen gargajiya na soya acarajé, wato ƙosai, na wake da aka jiƙa aka surfe aka markaɗa, sai dai a manja ake soya shi, a tsaga shi a cusa yaji da jatan lande. Na sayi biyu aka naɗe mini.

Kwana ɗaya kafin nan Faransa ta fitar da Najeriya da ci biyu a Brasília, bayan Vincent Enyeama ya yi ta tare mu har kusan minti na 80. 'Yan ayari suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna yi mini jaje, har da masu yabon ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya ci Ajantina. Malamar nan ta ce to yanzu ba ni da uzuri, na zama nasu gaba ɗaya.

Wasan Beljiyam a Fonte Nova ƙarfe biyar aka fara, ranar 1 ga Yuli, rana kuma ta faɗi ana tsakiyar zagayen farko. Na buɗe baki da ruwan roba a tsaye, ƙosai kuwa tun a hanya na ba wani yaro, don ba a shiga da abinci. Abin da ya biyo baya wasan mutum ɗaya ne. Beljiyam ta yi ta zuwa, Tim Howard na tarewa, da hannu, da ƙafa, da yatsun ƙafa. An lissafa masa 16 a daren, adadin da ba a taɓa rubuta wa wani gola ba tun da aka fara ƙirgawa a 1966. A ƙarshen minti 90 ƙwallo ta faɗo gaban Chris Wondolowski, shi da gola, ya ɗaga ta sama. A ƙarin lokaci Kevin De Bruyne ya ci, Romelu Lukaku ya ƙara. Sai Klinsmann ya sako Julian Green, ɗan shekara 19, taɓawarsa ta farko ta shiga raga. Minti goma sha ukun da suka rage ban zauna ba, kuma sai daga baya na lura muryata ta dushe. Har da wani bugun tazara da suka tsara ya kai Dempsey gaban Thibaut Courtois, golan ya rufe shi. Aka tashi biyu da ɗaya.

Ba wanda ya fita. Suka tsaya suna tafi suna kiran sunan Howard har 'yan wasan suka zo gabanmu suka ɗaga hannu. A gida, dubban mutane sun kalli wasan a filin Soldier Field na Chicago, wani ya shiga Wikipedia ya mayar da Howard sakataren tsaron Amurka, kashegari Barack Obama ya kira shi da Dempsey a waya. A filin jirgi kowa maganar Rasha 2018 yake, ango da amarya har sun fara lissafin abin da za su riƙa ajiyewa duk wata. A cikin kwanakin ne labari ya fito cewa 'yan Ghana wajen 200 da suka shiga Brazil da bizar kallon ƙwallo sun nemi mafaka, ba su da niyyar komawa. Alhaji ya ce mini ya san irin yaran, da shi ne a shekarunsu da abin da zai yi ke nan.

Rasha kuwa ba a je ba. Ranar 10 ga Oktoban 2017, a wani ƙaramin fili a Couva, Trinidad da Tobago ta doke Amurka biyu da ɗaya, ta hana ta zuwa gasar karon farko tun 1986. Kwana uku kafin nan Alex Iwobi ya ci Zambiya a Uyo, Najeriya ta samu gurbi. Wajen sha ɗayan dare wayata ta yi ƙara, abokina ne ɗan Texas. Ko gaisuwa babu. Ya zagi koci Bruce Arena, ya zagi shugabannin hukumar ƙwallonsu, ya ce 'yan wasan ba su da kishi, kuɗi kawai suka sani, a kore su duka a fara daga tushe. Ya yi kusan rabin awa yana yi. Da ya tsagaita na tambaye shi kuɗin Rashan da ya tara fa, ya ce mota zai canja.